Sun Hana Ka Shiga, Sun Rataye Hotonka a Ƙofa

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Ƙeya, mijin yayata, mai walda, makaɗin bayan raga a filin wasan ƙungiyarmu. Mallakar Allah muke dukanmu, kuma can za a tattara mu. Labarin ya same ni a ɗakin canza kaya na wurin aikina, a wannan ƙasa mai sanyi da rana ke fitowa kamar an yi mata dole. Yaya ce ta kira. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Dogo, mutumin naka ya tafi." Daga nan layin ya yanke. Baba Ƙeya, kafin in tashi daga aiki an riga an kai ka. Ban kama makararka ba, ban tsaya a sahun sallarka ba. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta, kuma zan rubuta har da abin da wasu za su so a rufe tare da kai.

Wanda bai san ka ba zai yi mamakin sunan. Shekaru masu yawa kana zuwa fili duk ranar wasa, amma ban taɓa jin wanda ya rantse ya ga kana kallon ƙwallo ba. Wurinka shi ne kan dogon ƙarfen da ya raba 'yan kallo da fili, a bayan ragar da ke ɓangaren tashar mota. Da ka hau sai ka juya wa fili baya, ka fuskanci jama'a, ganga rataye a kafaɗa. 'Yan wasa ba su san fuskarka ba, ƙeyarka suka sani, su suka raɗa maka sunan. Wani tsohon golanmu ya taɓa haɗuwa da kai a kasuwa, kuka gaisa sama-sama bai gane ka ba, sai da ka juya za ka tafi ya saki kayan hannunsa ya rungume ka ta baya. Yaya takan ce ita kaɗai ce a garin nan ta fi sanin gabanka da bayanka, kuma ba ta ga abin da aka rasa ba.

Na taɓa ce maka wannan ai asara ce, mutum ya sayi tikiti ya juya wa abin da ya saya baya. Ka ce ni ne mai asara, ina kallon mutum ashirin da biyu, kai kana kallon dubbai. A fuskokinmu kake karanta wasan. In wuyaye suka miƙe gefe guda, bugun kwana ne. In hannaye suka hau kai, an zubar da ƙwallo a gaban raga. In tsofaffin layin sama suka rufe ido, fenareti ne. Ranar da muka ci ƙwallon da ya haurar da mu babban rukuni, kowa a garin yana da yadda yake ba da labarin bugun. Kai labarinka daban ne. Kai abin da ka gani shi ne wani mai gadin makaranta ya rungume mai gidan hayar da ke neman korarsa, suna tsalle tare suna hawaye. Ka ce wannan ƙwallon ba a nuna shi a talabijin ba.

Amma ba don kallon fuska kawai ka juya ba. Tun kafin wani ya rubuta doka a kan ɗa'ar 'yan kallo, bayan raga yana da tasa, kuma a hannunka take. Kakan ce a zagi ƙafar ɗan wasa, a zagi idon alƙalin wasa, amma a bar musu iyayensu a gida. Ba a jifa. Ba a taɓa baƙin da suka biyo ƙungiyarsu. Wanda ya karya ɗaya daga ciki, ba ka kiran ɗan sanda, ba ka ɗaga murya. Sanda kawai kake ɗagawa daga kan fata. Ganga ta yi shiru, waƙa ta tsaya, mutum dubu nawa su rufe baki, ko da kuwa muna kan kai hari ne. Shirun nan ba ya ƙarewa sai mai laifin ya miƙe da kansa, ya ɗaga hannu, ya fita ya sha iska. Na ga ƙato mai gemu ya yi ta zufa a cikin wannan shiru har ya kasa, ya tashi yana cewa, "To ni ne, ku ci gaba da kiɗanku, jarababbu." Da ya kai ƙofa ka mayar da sanda. Mako na gaba ya dawo, kai da kanka ka ajiye masa wuri.

A shekarun da ƙungiya ta talauce, lokacin da ciyawar fili ta koma ta awaki kuma 'yan wasa ke zuwa atisaye a kan keke, kai ne ka jawo injin waldarka a kan baro ka gyara ƙarafan bayan raga da suka ruɓe. Ba wanda ya sa ka. Ka ce ba ka son ranar da za a yi murna a faɗo. Har ƙarfen da kake tsayawa a kai, hannunka ne ya kafa shi. Ni kuma a shagonka na koyi riƙe abin walda, a gidanka na zauna bayan rasuwar mahaifinmu, kana kirana surukin dole, kana cewa ka auri mace ɗaya an haɗa maka da mai cin abincin mutum uku. Ban taɓa jin ka faɗa wa wani a waje cewa kai ke riƙe da ni ba.

Ba zan mai da kai mala'ika ba, domin kai ma ba za ka yarda ba. Kana da taurin kai. Ranar wasa ko ƙofar wa kake haɗawa sai ka ajiye ta rabi, mai ita ya kwana da labule. Yaya ta sha kai ƙararka wurin manya a kan haka. Kuma in ka yanke magana, ko ka gane ba daidai ba ce, sai an yi wata guda kafin ka sauko.

Sai kamfani ya sayi ƙungiya. Nan ma zan yi adalci, don na gaji da masu cewa komai na da ya fi. Sun gyara banɗakuna, sun sa fitilu, 'yan wasa suka daina bin shugabanni da roƙo. Mata suka fara zuwa da 'ya'yansu ba tare da fargaba ba. Kuma doka ana bukatarta, domin gangarka bayan raga kawai take mulki, sauran ɓangarorin fili Allah ne gatansu. Da muka ji cewa Aku ne aka ba shugabancin sashen talla, sai muka ce shi ke nan, namu ya shiga ciki. Aku abokina ne tun muna yara, a gefenka ya girma, shi ke shirya mana waƙoƙin da kake kaɗawa, kuma kai ka sa masa sunan saboda bakinsa ba ya hutawa. Ya yi karatu, ya iya sa kwat, mun yi alfahari da shi.

Shi ya zo ya ɗauke ka a mota ya kai ka ofishinsu mai bangon gilashi, aka ba ka shayi, aka ce ka faɗi yadda kake riƙe mutanenka. Ka faɗa, yana rubutawa. Da dokar ta fito aka manna ta a kowace ƙofa, sai ga maganganunka a farkonta, an sa musu rigar ofis. Ka yi ta nuna wa mutane kana dariya. A can ƙasa kuwa akwai waɗanda ba kai ka faɗa ba: ba a shiga da ganga ko wani abin kiɗa, ba a tsayuwa ana cikin wasa, ba a hawa ƙarfen shinge, kuma wanda aka kama da tunzura jama'a ba zai sake shiga ba har abada. Da na karanta maka, ka kira Aku a gabana. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba da kai ake ba. An kwafo ne daga na manyan ƙasashe don masu tallafi su gani. Kai ne filin nan." Ka yarda. Kakar wasa guda masu gadi suna kau da kai kana wucewa da gangarka.

Ina wurin ranar da abin ya faru, taku kaɗan tsakanina da kai, don haka ba ji na yi ba. Sashen talla ya shelanta ranar iyali, aka cika layukan ƙasa na bayan raga da mata da ƙananan yara, domin nan ne kyamara ta fi ɗauka. Ana dab da tashi alƙali ya ba abokan karawa fenareti da ko makaho zai yi gardama a kai. Kwalabe suka fara tashi, yawancinsu daga ɓangaren da ke kusa da mu. Ɗaya ta fasa kan mai tuta, mataimakin alƙalin wasa, jini ya wanke masa fuska. Samarin layin sama suka yunƙuro za su sauko fili, nauyinsu duka yana tahowa kan matan da yaran. Ka ɗaga sanda, amma hayaniyar ta fi ƙarfin a ji shiru. Sai ka jefar da sandunan, ka miƙe sosai a kan ƙarfe, ka ɗaga hannu biyu sama, kana faɗa da duk abin da ke ƙirjinka: "Ku zauna! Akwai yara a ƙasa! Ku zauna!" Na kusa da kai suka zauna, na bayansu suka zauna, layi bayan layi har sama. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Hukumar gasar ta ce ko ƙungiya ta fitar da waɗanda suka jagoranci rikicin, ko a rufe fili. Ban ga laifin hukumar ba, jinin mai tuta ba ruwa ba ne, dole wani ya amsa. Amma masu jifa fuskokinsu sun ɓace a cikin taro. Fuskar da kyamarar saman rumfa ta kama tar ita ce ta mutumin da ya juyo yana kallon ta: a tsaye, a kan shinge, ganga a kafaɗa, hannaye sama, baki buɗe, kwalabe na yawo a iska. Dokoki uku a hoto ɗaya, ta huɗun kuma suka ƙara da kansu. Kyamara ba ta ɗaukar magana.

Ba su aiko maka ba. A ƙofa ka ji an haramta maka shiga. Mai gadin da ke wurin, kai ka haɗa masa ƙofar ɗakinsa lokacin da zai yi aure. Ya tare ka, ya nuna maka hotonka a wayar aikinsa, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Baba, ka yi mini rai. In ka shiga, ni zan fita." Muka taso za mu yi hayaniya, ka ɗaga mana hannu. Ka ce masa, "To ai ba za ka fita ba, kana da iyali." Ka gyara igiyar gangarka ka juya gida. Ran nan ne kawai na ga ƙeyarka na ji ba na son ganinta.

Da a nan aka tsaya, da na ce kuskure ne irin na ofis, na haɗiye. Amma da sabuwar kaka ta zo, sai ga allon talla mai tsayin bene a saman wannan ƙofar dai. Kai ne a jiki. Hannaye sama, baki buɗe, koren fili a bayanka, an rubuta da manyan baƙaƙe: TASHI KA TSAYA DA ƘUNGIYARKA. Aka sa shi a jikin motocin haya, a kan tikiti, a kan riguna. Na tsaya a ƙarƙashinsa na daɗe. Aljihun rigarka a yage yake, hannunka babu sanda. Hoton nan ne. Wanda aka kore ka da shi, shi ne aka goge kwalaben, aka shafa wa sama shuɗi, ake sayar da tikiti da shi. Mutumin da ke roƙon jama'a su zauna, an sa masa a baki cewa su tashi, a filin da tsayuwa laifi ce. A ƙasan allon kuma, gefen tagar tikiti, ga ƙaramin allon gilashi na waɗanda aka haramta wa shiga, sunanka da ƙaramin hotonka a tsakiyar 'yan daba.

Na je na sami Aku. Bai ɓuya ba, wannan na ba shi. Ya ce sashen tsaro daban, sashen talla daban, shi ba ya zama a kwamitin ladabtarwa. Ya ce ya zaɓi hoton ne don ya girmama ka, kuma don kwamitin ya ji kunya ya ɗage hukuncin. Wataƙila har da gaskiya a ciki. Da na ce ko an nemi izininka, sai ya ce in juya bayan tikitina in karanta, duk wanda ya shiga fili ya yarda a yi amfani da hotonsa. Na ce masa, "Aku, kana layin gaba ran nan. Ka ji abin da yake faɗa." Ya ce ya ji. Na ce to ka faɗa musu mana. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa ya ce abin ba haka yake tafiya ba.

Sau ɗaya na lallashe ka muka je ɗaukaka ƙara. Muka zauna a benci a baranda tun safe har azahar ta wuce. A bangon da ke gabanmu akwai kalandar ƙungiya, kai ne a kanta. Ka daɗe kana kallon ta, sannan ka taɓa ni ka ce, "Dogo, wannan mutumin ya fi ni sa'a. Shi har ofis an bar shi ya shiga." Daga baya sakatariya ta leƙo ta ce 'yan kwamiti ba su cika ba, mu dawo wani lokaci. Ka ce ba ka ƙara zuwa roƙon gafarar laifin da ba ka yi ba. Na ce taurin kan ne ya motsa. Yau ban tabbata ba.

Mutanen bayan raga sun rantse ba za su sake taka fili ba sai da kai. Ba a yi wata biyu ba suka koma. Kai ne ma ka hana ni zaginsu, ka ce mutumin da ya yi mako yana wahala, kada a hana shi awa biyunsa. Ranar wasa sai ka sa gilashin walda ka duƙufa, rediyo a kashe. Amma shagon ba shi da nisa da fili, iska na kawo ihu. Yaya ta ce takan gan ka ka ɗaga gilashin, ka karkata kai, ka ce, "An zubar," ka mayar. Ba ka taɓa kuskure ba. Gangar kuwa tana kan sif, kana sauko da ita kana shafa mata mai, ba ka kaɗawa.

A cikin wannan hali na bar gida neman abinci. Ka san aikin da na samu a nan na ƙarshen mako. A wani babban filin wasa ake ba ni riga mai ruwan ɗorawa, a tsayar da ni a bakin fili, a ce in juya wa wasa baya in zuba wa jama'a ido, in na ga alamar rikici in ɗaga hannu in kwantar. Har horo aka yi mana a kai, da takardar shaida mai hatimi. Da na faɗa maka a waya ka yi dariya har tarin nan ya sarƙe ka. Da ka samu numfashi ka ce, "Surukin dole, kai an ba ka satifiket, ni an ba ni kora." Tarin ne ya ci gaba, hayaƙin walda na shekaru ya taru a ƙirji, har ya kai ka inda ya kai ka.

Ba a gama share hawaye ba ƙungiya ta sa hoton nan a shafinta, da baƙin ƙyalle a kusurwa, ta kira ka uban magoya baya. Ana zaman makoki Aku ya zo da tawaga da mai ɗaukar hoto. Ya durƙusa gaban Yaya, ya yi kuka, kuma na yarda kukan na gaske ne. Sannan ya kawo bukata. Za a karrama ka a wasan gida mai zuwa, za a yi shiru na minti ɗaya, za a fitar da riga ta musamman. Suna son gangar, a zagaya fili da ita, sannan a sa ta a akwatin gilashi a ƙofar shagon sayar da kayan ƙungiya. Iyali kuma za a zaunar da su a wurin manyan baƙi.

Yaya ta kira ni. Na ce ta kore su. Ta ce ita ba gangar ce ta dame ta ba, fata ce da itace. Abin da ke hana ta barci shi ne ƙaramin allon nan na gefen tagar tikiti. 'Yarka ta fari ta daina bin wannan titin saboda shi. Jikokinka za su girma su iya karatu, su ga sunan kakansu cikin masu fasa kan mutane. Don haka ta aika wa Aku da sharaɗi ɗaya: a cire sunanka, kuma kafin shirun minti ɗayan a faɗa a lasifika abin da kake faɗa a hoton nan. In an yi haka, ita da kanta za ta kawo gangar.

Aku ya kira ni bayan kwana biyu, muryarsa a gajiye. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Lauyoyin kamfani sun ce in aka furta cewa ba ka da laifi, hukumar gasa za ta iya sake buɗe maganar mai tuta, masu tallafi kuma ba sa son tsohon rikici. Kwamiti kuwa ya duba dokarsa, ya ga ba a ɗage haramci sai wanda aka hukunta ya bayyana a gabansa da kansa.

Na ce, "Da kansa?"

Ya ce, "Haka aka rubuta, Dogo. Ni ma na san yadda abin yake a kunne. Amma ai rasuwa ta riga ta ɗage komai."

Na ce in ta ɗage, me sunan yake yi a allo? Ya ce allon na sashen tsaro ne. Ya roƙe ni in sa baki, ya ce ranar za ta yi kyau, Baba ya cancanta. Na ce masa ba ni da bakin da zan sa.

Duk da haka ya je da mota ranar jajiberin wasan, yana ganin idon Yaya ba zai iya ƙin sa ba, tunda a hannunta ya ci abinci shekara da shekaru. Ta sauko da gangar ta ajiye a tsakar ɗaki inda zai gan ta. Ta bar shi ya gama magana. Sannan ta ce, "Ɗana, ni ban yi karatu irin naka ba, amma an karanta mini dokarku. An ce ba a shiga fili da ganga. Mai ita ya karya, kun kore shi. Ni ba zan karya ba." Ta sa aka kawo masa ruwa, ya sha, ta ce ya gaida gida.

Abin da ya faru ranar wasan, mai gadin ƙofar nan ne ya ɗauka a wayarsa ya aiko mini. An sa hotonka a babban allo. Mai lasifika ya ce a tashi tsaye, aka tashi. Aka yi shirun. Alƙali ya busa, sauran fili ya ɓarke da tafi, aka fara wasa. Bayan raga bai buɗe baki ba. Mutanen nan da na daɗe ina jin haushinsu suka zauna, hannu a ƙirji, suka riƙe shirunka irin na da, wanda ba ya ƙarewa sai mai laifi ya miƙe. Muka ci ƙwallo a ragar da ke gabansu, yaron da ya ci ya rugo da gudu zai yi murna da su, ya tarar da fuskoki kamar bango, ya tsaya yana waige-waige. Shi ba ruwansa, na tausaya masa. Na riƙe wayar ina cewa yanzu wani zai sauko daga ofishin gilashi, ko Aku ne, ya karɓi lasifika ya faɗi jimla ɗaya.

Ba wanda ya sauko. Bayan hutun rabin lokaci sai ga kiɗa yana fita daga lasifikokin fili. Na gane shi tun bugun farko, da ɗan jinkirin nan da kake yi kafin ka sauke hannun hagu. Kiɗanka ne, wanda suka naɗa tun lokacin da masu gadi ke kau da kai, suke sa shi a tallan rediyo. Suka ƙure murya don kada masu kallo a talabijin su ji shirun. Ashe ba su ma bukaci gangar ba. Mai gadin ya ce da aka tashi, ya duba ƙaramin allon, sunanka na nan.

To tunda lasifikarsu ta ƙi, ni zan faɗa a nan, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya faɗa wa na kusa da shi. Mutumin da kuke gani a saman ƙofa, a jikin mota, a ƙirjin rigunanku, ba cewa yake ku tashi ba. Cewa yake ku zauna, akwai yara a ƙasa. Yaran nan suna raye, wasu sun yi tsayin da za su iya karanta allon da sunansa ke ciki. Ni shaida ne, Aku shaida ne, kuma akwai ranar da ba za a ce wa kowa sashensa daban ba.

Yaya, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da kika riƙe masa, a raye da bayan rai. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, ga waɗanda suka koyi sana'a a shagonsa, ga mai gadin da ya kasa ɗaga ido, da mutanen bayan raga, waɗanda na janye rabin abin da na faɗa a kansu. Har Aku ina yi masa ta'aziyya, domin shi ma uba ya rasa, ko da ya sayar da hotonsa. Allah Ya ba shi ƙarfin faɗin abin da ya ji tun yana da bakin faɗa.

Kai kuma Baba Ƙeya, Allah Ya gafarta maka taurin kanka da duk abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata maka makwanci, Ya sanyaya ƙirjin da hayaƙi ya ƙona, Ya sa rayukan da ka tare ran nan su tsaya maka a mizani. Allah Ya sa ƙofar da ka nufa yanzu a kira sunanka a buɗe, babu mai tare ka. In ka shiga kuma, Allah Ya juyo da fuskarka, ka ga abin murnar da idonka, ba a fuskar wasu ba. Amin.